SAI TA KUSA MUTUWA KAFIN A SAURARE TA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari. Amma don Allah kada ka yanke min hukunci sai ka kai ƙarshe.

Kwanakin baya muna zaune a ofis, an ɗauke wuta ana jiran a tayar da janareta, sai hira ta biyo ta kan marigayiya Osinachi Nwachukwu, mawaƙiyar cocin nan da ta rasu a Abuja a watan Afrilun 2022, wadda babbar kotun Abuja ta yanke wa mijinta hukuncin kisa a 2025. Wani abokin aikinmu ya ce, "Ai matsalarsu ke nan, su ba su da saki, mace sai dai ta mutu a ɗakinta." Wata 'yar'uwarmu Kirista da muke sashe ɗaya da ita ta ɗago kai daga fayil ɗin da take dubawa ta ce, "To Malam, ku da kuke da sakin, mata nawa ne a unguwarku ake jibga kuma suna nan zaune?" Ofis ya yi tsit. Ni dai ban ce uffan ba, domin na san amsar, kuma amsar ta shafi gidanmu. Zan zo kan wannan.

Tarihi na karanta a jami'a, ko da yake aikin gwamnati ya mayar da ni mai bin fayil daga tebur zuwa tebur. Maganar matar nan ce ta sa na koma kan abin da na taɓa karantawa game da kotunan coci a Turai tsakanin shekarun 1500 da 1800, na kuma nemo littafin Wendy Moore mai suna Wedlock na karance shi a hutun ƙarshen mako biyu. Na shiga karatun da niyyar in san tarihin wasu mutane can nesa. Wallahi kafin in gama sai na riƙa ganin fuskokin da na sani.

A Turai ta wancan zamani, maganar aure tana hannun coci. Akwai kotunan bishop-bishop masu alƙalansu da lauyoyinsu da magatakardansu, su ke sauraren duk wata shari'ar aure. A koyarwar Katolika, auren da aka ɗaura daidai kuma aka tare, mutuwa ce kaɗai ke raba shi. Babban taron coci na Trent ya sake jaddada haka a 1563. Hanyoyi biyu kawai aka bari. Ta farko ita ce a tabbatar cewa tun asali auren bai ɗauru ba, misali saboda kusancin jini, ko tilas, ko kuma ɗaya yana da wani auren. Ta biyu ita ce abin da suke kira da Latin a mensa et thoro, wato raba akushi da shimfiɗa. Kotu za ta ba ku izinin kowa ya zauna daban, amma igiyar aure tana nan. Matar ba za ta yi wani aure ba, mijin ma haka, har ɗaya ya mutu. Wannan shi ne "sakin" da matar da ake duka za ta iya nema, kuma dalilan da ake karɓa su ne zina ko azabtarwa.

Za ka ɗauka da Furotesta suka ɓalle daga Roma matan sun samu sauƙi. An samu ɗan canji, amma bai kai ga mai shan duka ba. A Zurich an kafa kotun aure a 1525. A Janeba, John Calvin ya kafa majalisar dattawan coci a 1541, tana zama duk ranar Alhamis. Sun yarda da saki na gaske, wanda mutum zai iya sake aure bayansa, amma a kan zina ko gudun miji ko mata. Ɗan'uwan Calvin ɗin kansa, Antoine, ya rabu da matarsa a 1557 bisa zargin zina. Duka kuwa bai shiga lissafin ba. Idan aka kawo ƙarar mai dukan mata, za a kira shi a yi masa faɗa, a hana shi cin jibin coci, wani lokaci hukumar gari ta kulle shi 'yan kwanaki, sannan a ce su koma gida su zauna lafiya. A 1552 wata mata 'yar manyan gida a Faransa ta rubuto wa limaman Janeba cewa mijinta yana gallaza mata saboda addininta, tana neman mafaka. Amsar da aka mayar mata ita ce ta daure ta zauna, sai fa idan ta ga rayuwarta na cikin haɗari ƙarara.

Labarin Ingila ya fi ba ni mamaki. Sarki Henry na Takwas ya raba ƙasarsa da Fafaroma a 1534, kuma musabbabin rigimar shi ne yana son rabuwa da matarsa Catherine. Sarki ya samu abin da yake so, amma talakawansa aka bar su da tsohuwar doka. Babban limamin Canterbury, Thomas Cranmer, ya jagoranci rubuta sabon kundin dokokin coci wajen 1552, wanda ya tanadi cikakken saki har da kan azabtarwa. Kundin bai taɓa zama doka ba. Dokokin cocin Ingila na 1604 ma sun ƙara ɗaurewa: duk wanda kotu ta raba sai ya yi alƙawari da jingina cewa ba zai sake aure ba matuƙar ɗayan yana raye.

Wani abu da nake so ku lura da shi: limaman coci da yawa ba su goyi bayan duka ba. Akwai huɗubar aure da hukuma ta buga a 1563 aka umarci a riƙa karantawa a coci-coci, tana cewa dukan mata babban abin kunya ne ga namiji. Amma a cikin huɗubar nan dai aka juya ga matar aka ce idan Allah Ya haɗa ki da mai duka, ki daure, lada na jiranki. A 1608 wani malami a Oxford, William Gager, ya tsaya a bainar jama'a yana kare cewa miji na da ikon dukan matarsa, shekara ta zagayo wani mai suna William Heale ya fitar da ɗan littafi yana yi masa raddi. Ka ga gardamar da muke yi a Facebook yau, an yi ta shekara 400 da suka wuce. Har zuwa 1765, babban masanin shari'a William Blackstone yana rubuta cewa tsohuwar doka ta ba miji damar ladabtar da matarsa daidai gwargwado, kuma talakawa har lokacin suna riƙe da wannan dama. Labarin da ake yawan yaɗawa cewa doka ta halatta sandar da kaurinta bai wuce babban yatsa ba, wannan ba a taɓa rubuta shi a matsayin doka ba. Ya bazu ne bayan wani zanen barkwanci na 1782 da aka yi wa alƙali Francis Buller. Amma yadda mutane suka karɓi labarin hannu bibbiyu ya isa ya nuna maka yanayin zamanin.

To idan malamai suna tsine wa duka a kan mumbari, kuma kotu ta yarda azabtarwa dalili ne na rabuwa, me ya hana matan fita? A fahimtata kwaɗo huɗu aka sa wa ƙofar.

Kwaɗo na farko shi ne ma'aunin azabar. Mari ɗaya ko biyu ba ya cikin lissafi. A shari'ar Evans da Evans ta 1790, alƙalin kotun cocin Landan, Sir William Scott, ya shimfiɗa ƙa'idar da aka bi shekaru da dama: sai an nuna haɗari ga rai, ko gaɓa, ko lafiya. Zagi, wulaƙanci, baƙin hali, ɗaure fuska, duk waɗannan ba su isa ba. Dalilinsa shi ne idan ma'aurata suka san ba mafita, dole za su koyi zama da juna. Wannan hujja tana da daɗin ji ga wanda ba shi ake duka ba. Kuma ma'aunin yana duba matsayi: abin da za a kira azaba ga matar attajiri, ana ganin matar lebura ta saba da shi.

Kwaɗo na biyu shi ne shaida. Kotun coci tana son shaidu biyu, kuma bakin matar kaɗai ba ya zama hujja. Wa ke ganin abin da ake yi a ɗaki bayan an rufe ƙofa? 'Yan aiki. Wa ke biyan 'yan aikin albashi? Mijin. Yarinyar da ta buɗe baki ta rasa aikinta, ta kuma rasa takardar shaidar hali da za ta nemi wani aikin da ita. Lauyan miji kuma yana da makamai biyu. Zai ce ita ta tsokane shi da bakinta. Ko ya ce bayan dukan ai ta dawo sun ci gaba da kwana ɗaki ɗaya, don haka ta yafe. Ku riƙe wannan na biyun, domin duk matar da aka lallashe ta ta koma, an rage mata ƙarfin hujjarta ke nan.

Kwaɗo na uku kuɗi ne. A dokar Ingila, mace tana yin aure ita da mijinta sun zama mutum ɗaya, kuma mutumin nan shi ne mijin. Kuɗinta, kayanta, abin da ta samu da guminta, duk nasa ne, sai dai in iyayenta masu hali ne sun ɗaure dukiyar da takardun amana tun kafin aure. Shari'ar kotun coci a rubuce ake yinta, lauya kan lauya, wata da watanni, wani lokaci shekaru. Kotu takan umarci miji ya biya kuɗin shari'a da na ciyarwa, amma babban makaminta idan ya ƙi shi ne ta kore shi daga coci, abin da bai dami maza da yawa ba.

Kwaɗo na huɗu shi ne abin da za ta samu in ta yi nasara. Ba aure, ba zawarci. 'Ya'ya na uba ne ɗungurungum, yana iya hana ta ganinsu. Idan kuma ta fita ba da izinin kotu ba, miji na iya shigar da ƙarar a dawo masa da haƙƙinsa na aure, kotu ta umarce ta ta koma. Cikakken saki sai ta hanyar dokar majalisa ta musamman da za a yi da sunanka, abin da ya faro da Lord Roos a 1670. Daga lokacin zuwa 1857, irin wannan saki ɗari uku da 'yan kai aka yi a duk faɗin ƙasar, kuma huɗu ne kacal mata suka samu. Ta farkonsu, Jane Addison, a 1801, ta samu ne saboda mijinta ya yi lalata da 'yar'uwarta ta jini. Duka kaɗai ba ya kai mace majalisa.

Ga labarin da ya hana ni barci. Mary Eleanor Bowes 'yar wani hamshaƙin mai ma'adinan kwal ce a arewacin Ingila. Mahaifinta ya rasu a 1760 tana da shekara 11, ya bar mata dukiyar da ta sa ta shiga sahun matan da suka fi kowa arziki a ƙasar. Mijinta na farko, mai sarautar Strathmore, ya rasu a 1776. Sai wani tsohon soja ɗan Ayalan, Andrew Robinson Stoney, ya shirya faɗan takobi na ƙarya wai yana kare mutuncinta, ya kwanta kamar mai shirin mutuwa, ya ce burinsa na ƙarshe ta aure shi. Ta aure shi a Janairun 1777 don tausayi. Bayan ɗaurin aure mutum ya miƙe garau.

Shekara takwas tana cikin uƙuba. Duka, kulle, ƙwace wasiƙu, taƙaita mata abinci da sutura. Ya tilasta mata soke takardar da ta kare dukiyarta da ita. Idan baƙi suka ga tabo a fuskarta, ya riga ya koya mata abin da za ta ce: ta faɗi ne, ko ta buge da ƙofa. Manyan mutane suna cin abinci a teburinsa, suna gani, suna kawar da kai. Wadda ta cece ta 'yar aiki ce, Mary Morgan, ita da wasu 'yan aikin suka fitar da ita a ɓoye a Fabrairun 1785, ba ta da ko sisi. Ta shigar da ƙara kotun cocin Landan, ta yi nasara a 1786 saboda 'yan aiki da masu lambu sun yi ƙundunbala sun ba da shaida. Ya ɗaukaka ƙara. A Nuwamban shekarar ya sa 'yan daba suka sace ta da rana tsaka a titin Oxford, ya yi ta yawo da ita a kan doki cikin sanyin arewacin ƙasar sama da kwana goma, da bindiga yana neman ta janye ƙarar. Ta ƙi. Mutanen ƙauye da ɗan doka ne suka ƙwato ta. An ɗaure shi shekara uku saboda satar, amma shari'ar auren ba ta ƙare ba sai 1789. Ta rasu a 1800, shi kuma ya rayu har 1810. Daga tsatsonta ne mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta fito.

Ku duba fa. Mace mai irin wannan dukiya da suna, sai da ta yi shekara takwas a wuta da shekara huɗu a kotu. To ina ga matar maƙeri ko ta mai wankin kaya? Ita abin da take da shi kaɗan ne. Tana iya zuwa gaban ƙaramin alƙali ta rantse cewa tana tsoron ranta, a sa mijin ya kawo masu tsaya masa cewa zai zauna lafiya, daga nan su koma gida ɗaya. Tana iya gudu ta bar 'ya'yanta. A wasu garuruwan maƙwabta kan taru da dare a ƙofar gida suna kaɗa tukwane da kwanoni don kunyata mutum, ko da yake a farko an fi yi wa mijin da matarsa ta fi ƙarfinsa, sai daga baya aka juya kan masu dukan mata. Akwai kuma al'adar da talakawa suka ƙirƙiro wa kansu: miji ya sa wa matarsa igiya ya kai ta kasuwa ya "sayar" da ita, sau da yawa ga mutumin da aka riga aka shirya da shi. Doka ba ta san da wannan ba, amma da aka toshe ƙofa sai mutane suka fasa katanga. Idan kuwa tura ta kai bango matar ta kashe mijin, laifinta ya wuce kisan kai, ana lissafa shi a ƙaramin cin amanar ƙasa, hukuncinsa ƙonewa. Haka aka yi wa Catherine Hayes a Landan a 1726. Sai 1790 aka daina ƙona mata. Mijin da ya kashe matarsa kuwa rataya ce irin ta kowa.

Gyaran ya zo a hankali ƙwarai. A 1839 uwa ta fara samun damar neman riƙon ƙananan 'ya'yanta, bayan gwagwarmayar Caroline Norton. A 1857 aka ɗauke shari'ar aure daga hannun coci aka ba kotun gwamnati, amma namiji zina kaɗai zai nuna, mace kuwa sai ta haɗa zina da wani laifin kamar azabtarwa. A 1878, bayan rubutun Frances Power Cobbe kan azabtar da mata, aka ba ƙananan kotuna ikon raba mace da mijin da aka samu da laifin yi mata mummunan duka. A 1882 matar aure ta mallaki dukiyarta. A 1891 kotu ta ce miji ba shi da ikon kulle matarsa. Sai 1937 azabtarwa kaɗai ta zama dalilin cikakken saki a Ingila. Daga kundin Cranmer zuwa nan, shekara kusan 385. Ku ƙiyasta matan da aka binne a tsakani.

Yanzu bari in dawo gida, don kada wani ya karanta wannan ya ce "ka ji Turawa, ka ji Kiristoci." Cocin ma ta motsa. Kundin dokokin Katolika na 1983 ya ba wanda zaman aure ya zame masa haɗari damar ya fita daga gidan. Dokar aure ta Nijeriya ta 1970 ta ba kotu ikon raba auren rajista idan halin ɗaya ya kai inda ba za a iya zama da shi ba. A ɓangarenmu na Musulmi kuwa, malamai sun fi ni bayani, amma sananne ne a mazhabar Malikiyya cewa mace na iya kai ƙarar cutarwa alƙali ya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba, kuma ana karɓar shaidar abin da ya bazu a bakin maƙwabta. Yana nan a Tuhfa ta Ibn Asim, littafin da alƙalanmu suka sani sarai, wanda aka rubuta tun kafin a haifi Calvin. Ga kuma hul'i. A 2015 an sa hannu kan dokar hana cin zarafin mutane, jihohi da yawa sun karɓe ta. Ko da yake kada mu manta, kundin Penal Code na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya zo da sashe na 55 da ya ce ladabtarwar miji ga matarsa ba laifi ba ce matuƙar ba ta kai mummunan rauni ba kuma al'adarsu ta yarda da hakan. Karanta shi ka karanta hukuncin 1790, za ka ga dangi ne.

A takarda dai ƙofarmu a buɗe take. To wa ke tsaye a bakinta? Mu ne. Ni ne.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara biyu da aurenta ta yi yaji ta zo gida ido a kumbure. Aka yi zama, Baffa ya ce zo mu zauna zo mu saɓa, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Mijin ya zo biko da abokansa, ya sunkuyar da kai, ya ce sharrin Shaiɗan ne. Ni na ɗauke ta a motata na mayar da ita, ina yi mata nasiha a hanya cewa mahaƙurci mawadaci. Karo na biyu hannu ne ya karye. A asibiti ta ce santsin banɗaki ne ya kwashe ta, ni kuma na san ƙarya ne, na yi shiru don kada a ce gidanmu ba a iya zaman aure ba. Na sake mayar da ita. Da na zo wurin da Mary Eleanor ke cewa ta buge da ƙofa, sai da na rufe littafin na fita waje.

Karo na uku maƙwabciyarta ce ta kira ni ƙarfe ɗayan dare. Na same ta zaune a tsakar gidan matar nan, jini na fita ta kunnenta, yaranta biyu sun maƙale a jikinta. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Yaya, sai na mutu za ku yarda?" Har yau kunnen hagun ba ya ji.

Da muka je kotu, wata uku ba a cika ba alƙali ya raba auren. Maƙwabciyar ta ba da shaida, yarinyar da ke taya ta aiki ma ta bayar, ga katin asibiti. Abin da ya ɗauki Mary Eleanor shekara huɗu, ƙanwata ta same shi a wata uku. Amma sai da ta yi shekara tara kafin ta isa ƙofar kotun, kuma ba bishop ko majalisa ce ta tsare ta ba. Ni da Baffa da Hajiya ne, da tsoron abin da mutane za su ce. Mun sa mata ma'aunin Sir William Scott ba tare da mun taɓa jin sunansa ba: kumburin ido bai isa ba, karaya ba ta isa ba, sai da muka ga abin da ya yi kama da mutuwa. Na nemi gafararta, ta ce ta yafe. Yanzu tana ɗinki, yaran suna hannunta, ta yi ƙiba har tana tsokanata. Ni ne dai ban gama yafe wa kaina ba.

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce saki ya riga ya yi yawa a Arewa, ga zawarawa ko'ina, kai kuma kana ƙara zuga mata. Gaskiya ne saki ya yi yawa, amma mafi yawansa daga hannun wa yake fitowa? Namiji ya saki mace kan gishiri ya yi yawa a miya ba mai tare shi, mace ta nemi fita da karyayyen hannu sai gari ya taru a kanta. Za a ce mata ma suna dukan maza, har suna kashewa. Suna yi, kuma duk wadda ta yi a hukunta ta, namijin da ake cuta shi ma a saurare shi ba tare da dariya ba. Wannan bai goge ko tabo ɗaya a jikin ƙanwata ba. Za a ce haƙuri ibada ne. Na yarda. Amma me ya sa kullum wadda aka daka ake karanta wa babin haƙuri, wanda ya yi dukan kuma a ba shi ruwa ya sha a raka shi mota?

Ga abin da nake roƙo, kuma da kaina na fara. Mu raba saɓani da duka. Saɓani a yi sulhu, a yi biko, a mayar da ita da goro. Duka kuwa, ranar farko a kai ta asibiti, a faɗa wa likita gaskiya, a ajiye kati, a ɗauki hoto. Kada a mayar da ita a makon, kuma kada a mayar da ita sai da sharaɗi a rubuce gaban shaidu, in ita ɗin ta yarda ta koma. Iyaye, ranar da kuke yi wa 'yarku faɗan tafiya gidan miji, ku daina cewa "ba ki da ɗaki a gidan nan." Ku gaya mata a gaban angon cewa ɗakinta yana nan. Ku bar ta ta yi karatu ko ta koyi sana'a, domin matar da ba ta da kuɗin mota ba ta da zaɓi. Maƙwabta, in kun ji ihu ku buga ƙofa, in an kira ku kotu ku je. A labarin Ingila 'yar aiki ce ta yi abin da manyan mutane suka kasa, a namu ma maƙwabciya ce. Malamai da fastoci, kun iya gaya wa maza duka haramun ne, Allah Ya saka. Ku ƙara da rabin da huɗubar 1563 ta bari: ku gaya wa matar, da bakinku, a kan mumbari, cewa in ana cutar da ita tana da haƙƙin fita kuma ba ta yi zunubi ba.

'Yar'uwata ta ofis, in kin karanta wannan, ga amsar tambayarki da na kasa bayarwa ranar: a gidanmu ma akwai guda ɗaya, kuma ni na riƙa mayar da ita.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, Ya jiƙan waɗanda suka tafi ba a saurare su ba. Wanda yake da ƙanwa ko 'ya a gidan miji, ya kira ta yau ya tambaye ta lafiya, in ta ce lafiya lau ya sake tambaya.